Mai Hoto da Kazar Gidansa

A wani gari an yi wani mai ɗaukar hoto. In ya dawo gida, sai ya ajiye kyamara nan, ya jefar da jakarta can.

Matarsa takan ce, "Maigida, sa kyamarar a jaka ka rataye."

Yakan ce, "An jima."

Gobe ma, "An jima."

Ran nan aka kira shi gidan suna. Ya suri jakar a gindin rumbu, ya ruga. Mutane suka jeru, kowa ya gyara hula. Yana buɗe jaka sai kaza ta yi fitar burgu, ta bar ƙwai!

Uban jariri ya ce, "Malam, hoto muka ce, ba gudummawa ba."

Da ya koma gida, kafin matarsa ta buɗe baki ya ce, "Yanzu-yanzu! Ina ƙusa?"