Ƙarfe Ukun da Babu a Takarda

A unguwar Agege akwai wata yarinya 'yar aji shida mai kwaikwayon mutane. In ta ji muryarka sau ɗaya, shi ke nan, ta ɗauka. Kwandastan motar haya ta danfo, mai tallan burodi, har tarin hedimasta, duk ta iya.

A hutun da ya biyo bayan komawar sojoji bariki, wasanni suka yi yawa a gari. Duk bangon da ka duba an manna takarda. Kakarta Hansai kuma ta zo daga Funtuwa, ranar Lahadi za ta koma. Abu ɗaya take so ta gani kafin ta tafi: wasan Islamiyya, inda Azumi, ƙanwar yarinyar, za ta fito a likita. Sati uku Azumi tana hadda a tsakar gida.

Mama ta ba yarinyar biro, ta ce ta tsara musu ranar Asabar, tunda ita ce mai karance takardun bango.

Wasa uku ta samo. Na Isolo da Yarabanci ne, ta soke shi, Kaka ba ta ji. Na Azumi ƙarfe huɗu da rabi. Sai na samarin Ikeja, ƙarfe biyu. Shi wannan ba a rubuta labarinsa. 'Yan kallo ke faɗin abin da suke so, 'yan wasa su yi nan take. Shi ne ya shiga ranta.

Mama ta duba tsarin. "Na Ikejan nan, ƙarfe nawa zai tashi?"

"Ƙarfe uku, Mama."

Takardar bango ba ta faɗi haka ba. Yarinyar ce ta sa ukun da kanta, don tsarin ya yi kyau.

Ranar Asabar Mama ta wuce Islamiyya da Azumi don ta shirya ta. Yarinyar ta ja Kaka suka hau danfo.

Wasan ya yi daɗi. Wani ya ce a yi tsohon soja da ya koma sayar da tumatir. Ɗan wasan ya dinga sara wa masu saye yana buga ƙafa. Kaka ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi.

Can shugaban wasan ya tambaya ko akwai mai iya kwandasta. Kafin ya rufe baki yarinyar tana kan dandamali. Ta rataye a jikin kujera tana kiran Agege, Agege, tana masifa kan canji. Aka tafa. Aka ce ta ƙara. Ta yi mai burodi, ta yi hedimasta. Irin wannan wasa ba ya tashi sai mutane sun gaji, mutane kuwa ba su gaji ba.

Kiran sallar La'asar ne ya dawo da hankalinta. Kaka ta ce ita ba ta hawa mota sai ta yi salla. Da suka hau, cunkoso ya riƙe su a hanya.

Suna isa Islamiyya ana kwashe benci. Azumi na zaune a bakin ƙofa cikin farar rigar Baba, da guntun tiyo a wuya.

"Yaya, ina ta duban ƙofa," in ji ta. "Har na manta maganata sau biyu."

Kaka ta zauna kusa da ita.

A gida Mama ta nemi a nuna mata inda aka rubuta ƙarfe uku. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya.

"Ba ke kaɗai na ba ranar ba," in ji Mama. "Ranar Kaka ce, ranar Azumi ce. Kin sa naki a gaba, kika ƙirƙiro lokaci don ya shiga."

Yarinyar ta ba su haƙuri. Azumi ta juya mata baya.

Washegari da safe, kafin a tafi tasha, yarinyar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta kira maƙwabta. Ta ɗauko farar rigar ta miƙa wa Azumi.

"Likita, ga marasa lafiya sun zo."

Ashe duk haddar da Azumi ke yi, kunnen yarinyar ya kwashe. Ita ta zama mai ciwon ciki, ita ta zama mijin mai ciwon, ita ta zama nas. Amma in Azumi ta buɗe baki, sai yarinyar ta ja da baya ta yi tsit. Azumi ba ta manta ko kalma ɗaya ba.

Da aka gama, Kaka ta miƙe ƙafa. "Likita, zo ki duba min gwiwar nan kafin mota ta ƙarasa ta."

Azumi ta ɗora tiyon a gwiwar, ta ce a rage yawo da Yaya. Kowa ya yi dariya, har Yayar.

Daga ranar, in aka ba ta tsara fita, abin da ya fi muhimmanci ga kowa take fara rubutawa. Abin da ba ta sani ba kuwa, ba ta ƙirƙira. Sai ta ce, "Ban sani ba, bari in tambayo."