Karyayyar Ƙota a Ɗakin Inji

Ƙarfe tara na safiyar Litinin Malama Magdalene ta shigo caji ofis na Zuru, takalminta duk taɓo, ta ce an sace injin matsar man kaɗe. Ba ta gama bayani a kanta ba sai ga mutum uku sun biyo ta da takarda a hannu, wai ita ce ɓarauniyar.

Sufeto Farida ta fito daga ofishinta ta tsaya tana kallonsu. Mace ce da ba ta yarda da kowa ba. Abokan aikinta kan ce ko barka da asuba ka yi mata, sai ta duba agogo kafin ta amsa.

Maganar injin nan babu wanda bai san ta ba a gari. Shekara da shekaru matan ƙauyuka ke tsintar kaɗe da damina, manyan motoci su kwashe shi ɗanye da arha, a matse man a wata jiha, ribar ta yi zamanta can. Magdalene, tsohuwar malamar firamare, ita ta yi ta bin rumfa-rumfa har 'yan kasuwa suka yarda a sa ɗan haraji kan kowane buhun da zai fita gari. Da kuɗin harajin nan ne ƙungiyar masu kaɗe ta sayi injin, ta buɗe aji inda mata arba'in ke koyon matsa da tacewa da yin sabulu. Yarjejeniyar ta shekara uku ce, kuma jibi Laraba za a zauna a ga ko za a sabunta ta. In babu inji, babu haraji, babu aji.

Wanda ke riƙe da takardar shi ne Ishaya, mataimakin shugaban ƙungiyar, dattijo mai sanyin murya.

"Ranki ya daɗe, ni ban ce ita ba ce," in ji shi. "Takarda ce ta ce. A wurin maigadi muka same ta."

Farida ta karɓa ta karanta: a ba masu wannan takarda inji su kai gyara Kontagora. Ga sunan Magdalene a ƙasa, ga hatimin ƙungiya.

"Malama, hannunki ne?"

"Sunana ne, amma ba hannuna ba. Injin lafiyarsa lau, ranar Juma'a ma mun yi aiki da shi."

"Hatimin hwa, wa ke aje shi?"

"Yana cikin durowar ofis. Mu biyar na kwamiti kowa da makullinsa."

Oga, shugaban caji ofis ɗin, bai son dogon zance. Ya ce a tsare Magdalene, in Laraba ta yi ba a ga inji ba, a kai ta kotu. Matar ta zauna a kan benci bayan kanta, ta ɗora jakarta a cinya, ba ta yi kuka ba. Farida ta ji tausayinta, abin da ba ta cika ji ba, amma ba ta cire ta daga lissafin waɗanda take zargi ba. Ishaya ma ba ta cire shi ba. Muryarsa ta yi mata sanyi da yawa.

Da Farida ta isa makarantar matan, ɗakin inji wayam, sai ƙusoshi huɗu a siminti da warin man kaɗe. Maigadin, Malam Abdu, ya ƙame kamar mai jiran fareti.

"Yaushe sunka zo?"

"Ranar Asabar da hantsi, ranki shi daɗe. Samari takwas. Makanikai."

"Da wace mota?"

"Mota... tana can bakin titi."

"Ka gan ta da idonka?"

Farida ta kai shi ƙarƙashin rumfar ƙofa, inda ruwa bai taɓa ba, ta nuna masa kashin shanu da sawun siraran tayoyi biyu.

"Malam Abdu, makanikan Kontagora da shanu suke tahiya yanzu?"

Sai ga gaskiya ta fito. A amalanken shanu aka ɗora injin. Takardar kuwa bai karanta ba, idonsa ya yi rauni, hatimi kawai ya gani. Kunyar a ce maigadi bai gani ce ta sa ya ƙirƙiro mota.

"Ka san su?"

"Ban san ko ɗaya ba. Yaran kan tudu ne, da yarensu suke magana."

"Sun nemi na goro? Sun yi gardamar kuɗi?"

"Ko randa ba su kalla ba. Sunka ɗauka, sunka tahi."

A bayan ƙyaure Farida ta tsinci guntun ice mai santsi, hannu ya cinye shi har yana sheƙi, da jar ƙasa a jikinsa. Ƙotar garma ce ta karye, ga alama da ita aka yi ƙoƙarin ɗaga ƙarfen. Ta naɗe ta a jarida.

Daga nan sai tasha, wurin Shamsu, shugaban 'yan dako. Tun daga nesa ya ɗaga hannu yana rantsuwa, ba a ma tambaye shi ba.

"Ba yarana ba ne, Hajiya! Ɗan dako bai taɓa kaya sai an yi ciniki, kuma bai barin wuri sai ya roƙi na ruwa, ko da an biya shi sau biyu."

Ta gaya masa abin da maigadi ya ce, ta warware jaridar. Shamsu ya juya ƙotar a hannunsa, ya yi dariya.

"Mu da igiya da sanduna muke aiki. Ƙarti takwas su baro gona tsakiyar damina, su ɗauki ƙarhe, ba ko sisi, ba ko tambaya? Wanga aiki sai 'yan golmo."

Farida ta ji haushin kanta. A Rikoto, nan cikin Zuru, aka haife ta, amma sai ɗan dako ne zai tuna mata da golmo. Tsohuwar al'adar mutanen tudu ce: saurayin da ke neman aure yakan yi wa surukinsa noma shekara bakwai, shi da abokansa, ba lada, ba musu, ba ɗaga ido. Al'adar ta ja baya, amma akwai gidajen da har yanzu suke riƙe da ita. Tun safe take neman mai mota, ashe mai 'ya ya kamata ta nema.

Ta koma makarantar da la'asar. Matan ajin na zaune a gindin mangwaro, hannu bisa hannu, sun ƙi tafiya gida.

"A cikin 'yan kwamiti, wa ke da ɗiyar da ake yi wa golmo?"

Duk da baƙin cikin da suke ciki sai da suka kwashe da dariya, suka juya wajen wata doguwar budurwa. Rachael ce, wadda ta fi kowa iya injin, 'yar Ishaya.

"Wa ke yi miki?"

"Godswill," ta ce, tana wasa da gefen zane. "Shekara shida ke nan, saura ɗaya."

"Ranar Asabar yana ina?"

"Gonar Baba. Huɗa suka yi."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Farida ta daɗe tana sauraron ƙarya, ta san wannan ba ƙarya ba ce, ita ma haka aka gaya mata.

Washegari da safe motar 'yan sanda ta hau tudu, da kofur biyu, da Rachael mai nuna hanya, da Magdalene a baya don ta shaida injin in an dace. Idanun Malama sun kumbura, sauron caji ofis bai san tsohuwar malama ba.

Samari takwas na sunkuye a gonar Ishaya. Na gaba-gabansu ƙaƙƙarfa ne, yatsansa ɗaure da tsumma, ƙotar garmarsa fara sol, sabon sassaƙa.

"Kai ne Godswill? Mi kunka yi ranar Asabar?"

"Huɗa, ranki ya daɗe. Tun safe har la'asar."

"An yi ruwa ranar Lahadi, ko ba a yi ba?"

"An yi."

"To kunyar da anka tayar ranar Asabar, ruwa ya dake ta, ta kwanta. Waɗanga duk na jiya da yau ne, ƙasarsu a tsaye. Nuna mini ta Asabar, ko guda."

Godswill ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, kamar kunyar za ta tsiro don ta cece shi. Farida ta jefa karyayyar ƙotar a gabansa.

"Taka ce?"

"Tawa ce."

"Wa ya aike ku?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba ka so?"

"Ba a yi, ranki ya daɗe. Ko za ki rufe ni, ba a yi."

Rachael ta matso. "Godswill, dubi Malama. A caji ofis ta kwana. Gobe kotu za a kai ta."

Ya ɗago ya ga Magdalene a jikin mota. "An ce mana ɗakin yana yoyo, ƙungiya ce ta ce a kawar da shi kafin a gyara rufi. Takardar ma a rufe aka ba ni." Bai ambaci sunan kowa ba. Idonsa ne kawai ya tafi wajen wani tarin tsohon karan dawa a bayan rumbu, ya tsaya can.

Kofur biyun suka yaye karan. Ga leda, ga inji a ƙarƙashinta.

Daidai nan babur ɗin Ishaya ya shigo gonar. Da ya ga motar ya so ya juya, amma taɓo ya riƙe tayar.

"Sannu da zuwa, Baba Ishaya," in ji Farida. "Kontagora ta matso kusa."

Ya fara cewa bai san komai ba, yara ne. Farida ta bar shi ya kai aya.

"Da ka ɗauki 'yan tasha, da har yanzu ina yawo, don kowa na iya ɗaukarsu. Amma ka zaɓi waɗanda ba su ciniki, ba su tambaya, ba su tona suruki. A cikin masu makullin hatimi su biyar, kai kaɗai ke da irinsu. Shirunsu ne ya kawo ni gonarka."

Ishaya ya zauna a kan kunya. Sanyin muryar nan duk ya tafi.

"Shekara ashirin ni ke tara wa masu motoci kaɗe," ya ce. "Tun da injin nan ya zo, matan da ke layi a ƙofar gidana sun daina zuwa. Kowace ta san darajar kayanta, har da 'yata. Na ce in ɓoye shi zuwa Laraba, haraji ya mutu, komai ya koma yadda yake. Ni na rubuta, ni na buga hatimin."

"Malama hwa?"

"Na ɗauka beli za a ba ta."

Rachael ba ta ɗaga murya ba. "Baba, shekara shida yana yi maka noma don ya same ni da mutunci. Rana ɗaya ka mai da shi ɓarawo."

Kofur ya sa masa ankwa. Farida ta gaya wa samarin su mayar da injin inda suka ɗauko shi, sannan su same ta a ofis su ba da bayani.

Magdalene kuwa ko kallon Ishaya ba ta yi ba. Tana durƙushe tana shafa injin, tana duba bel, tana leƙa ko ruwa ya shiga. Rachael ta zo ta tsaya a bayanta, hawaye na zuba.

"Malama, na san ba zan sake zuwa aji ba. Ki yafe mini."

Magdalene ta miƙe, ta goge hannunta a zane. Ta yi maganar da ƙarfi, yadda wanda ake turawa cikin mota zai ji.

"Gobe ƙarfe takwas, kada ki makara. Ke za ki tayar da shi a gaban 'yan kasuwa."