Tsuntsu Mai Mari a Gulbin Maraɗi

Shekarar da aka ce Nasara sun bar mulki, wani bai tafi ba. Ya sauka wani ƙauye yamma da Gidan Rumji da madubin hangen nesa a wuya, wai tsuntsu yake nema. Babban mutum da gemu, tsuntsu! Dogo masunci ya yarda ya raka shi. Suka bi gulbi har kusa da iyaka, suna laɓe cikin ciyawa, sai da suka sami abin da yake so: baƙin tsuntsu mai kama da shamuwa, baki ja, ƙafa ja, wanda ba kowace shekara ake ganinsa ba. Dogo ya kama shi da taru ya riƙe, Nasara ya ɗaura masa zoben ƙarfe a ƙafa kamar mari, suka sake shi.

Ran da Dogo ya dawo, matarsa Delu na kwashe tuwo, rana ta faɗi, kaji sun hau. Dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Wani dutsen ya biyo, jiƙe da laka, ga shi gidan ba kusa da ruwa yake ba. Jifa ta yi ta zuwa, ba a ga mai yi ba. Sai ɗiyarsu Rakiya ta fito daga ɗaki tana jan ƙafar hagu, idon sawun ya yi zobe baƙi kamar an ƙona.

Aka kira Malam Tsoho. Ya sa turare, ya dafa kanta, ya yi ta karatu har muryar da ba tata ba ta fito, mai kauri, mai sanyi.

"Wa ya sa wa dabbata mari?"

"Ke wace ce?" in ji Malam.

"Mai gulbi. Kun sha ruwana, kun ci kifina, ban ce komai ba. Ana ta kiɗa wai an sami 'yanci, ku kuna ɗaure abin da ke tashi sama!"

Dogo ya ce, "Nasara ne ya..."

"Rufa mana baki!" Delu ta daka masa tsawa. "Nasara ya san hanyar gulbi?"

Muryar ta ce ƙafa za ta ɗauka madadin ƙafa. Malam ya ce ba ta isa ba, yarinya ba ta riƙe tsuntsu ba. Ya ƙara karatu har ta yi ƙara.

"To, na bar mata ranta da hankalinta. Ƙafa kuwa, sai hannun da ya riƙe ya kwance."

Rakiya ta yi atishawa ta faɗi. Jifa ta tsaya.

Da safe Dogo ya aro awartaki wajen maƙeri ya nufi gulbi. Tsuntsu ya riga ya tashi. Lokacinsa ya wuce.

Rani ya zo, damina ta zo, Rakiya na jan ƙafa tana dogara sanda. Dogo ya bar kamun kifi, ya bar gona, kullum yana bakin ruwa da kai a sama. Delu ba ta ko ce masa sannu. Sai bayan kaka, wata rana da hantsi, mata na daka, suka ga Rakiya ta yar da sanda ta bi akuya da gudu.

Da Dogo ya shigo, laka har ƙugu, zoben tsuntsun a hannunsa, Delu ta dube shi ta ce, "Wanke ƙafarka kafin ka taka mini tabarma."