Tafarnuwa a Ƙarƙashin Keji

"Magni, ke ce kike watsa mana abincin kifi a kan rufi?"

Daga kicin Oddrun ta ji surukarta Hallfrid tana tambayar autarta, ƙanwar mijin Oddrun. Tun la'asar duhun hunturu ya rufe bakin tekun. Ƙwayoyin abincin suka ci gaba da zubowa a kan kwanon rufin, jiƙaƙƙu, suna ƙarni.

Bara ne Jentoft, mijin Oddrun, ya zame daga bakin kejin da suke kiwon kifi a cikin teku, ruwa ya haɗiye shi, ko gawa ba a samu ba. Bana cuta ta shiga kifin, aka koma sabon abinci mai haɗin tafarnuwa da ganyaye. Oddrun ce ke zubawa kullum. Kifi suka murmure, suka yi jiki, gida kuwa ya rasa kwanciyar hankali.

Da aka kunna fitila sai ga Magni zaune a ƙasa, ruwan gishiri yana ɗiga daga gashinta, tana nishi da muryar namiji.

Aka kira tsoho Aslak, mai karatu a kan marasa lafiya. Ya ture kofin da aka miƙa masa, ya dafa goshin yarinyar, ya daɗe yana motsa leɓe.

"Wane ne kai?"

"Haba Aslak, tsufa har ya ci maka kunne? Jentoft ne."

Hallfrid ta zube. Tsohon bai ko waiga ba. "Aljanin ruwa ne, baiwar Allah. Haka suke aron muryar matattu. Kai, me kake so?"

"A ƙarƙashin keji nake kwana, ina jin takun mutanen gidanmu. Yanzu ruwan ya cika da tafarnuwa, ƙona ni yake yi. Ku daina zubawa in zauna."

"Kifin su mutu, mutanen gidan su ci me? Saki yarinyar nan, ka nufi tsakiyar teku."

Can muryar ta ce, a hankali, "To. Amma mai zubawar ta ce in tafi, da bakinta."

Oddrun ta dubi Magni, leɓɓanta sun fara yin shuɗi.

"Tafi," ta ce.

Hannun yarinyar ya miƙo, ya gyara wa Oddrun wuyan riga ta hagu, inda kullum yake naɗewa. Sannan ya faɗi. Magni ta yi atishawa, ta kira mamanta. Rufi ya yi shiru. Ba wanda ya gode wa Aslak, don godiya tana karya karatun.

Jentoft kaɗai ke gyara mata wuyan nan, shi ma sai su biyu, kafin ya fita aiki.

"Allah ya raba mu da maƙaryaci," Hallfrid ta ce, tana goge gashin 'yarta. "Ɗana yana hutawa, ko ba haka ba, 'yata?"

"Haka ne, Mama."

Da safe Oddrun ta ɗauki bokiti ta tsaya a bakin keji. Ta zuba. Ta ƙudurta ba mai jin maganar wuyan rigar nan daga bakinta har ta koma ga Allah.