Tarun Lisandro

A bakin Kogin Paraná Lisandro ya fara ganin Itatí, tana kallon wani ƙaton jirgin ruwa mai dakon waken suya, hannunta dafe da ƙirji.

"'Yammata, jirgi dai ba ya cizo," ya ce daga cikin kwalekwalensa.

"Ni kuwa ya cinye min yayana."

Washegari ya kai mata kifin ban haƙuri, daga nan kifi bai ƙara yankewa a gidansu ba.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Don Braulio, ya ce sam. Ɗansa Fermín, yayan Itatí, ya rasu ne don ya ƙi sakin tarunsa da jirgi ya taho.

"Masunci kuma? Makoki ɗaya ya ishe ni."

Duk zuwan Lisandro, ƙoƙon mate, shayinsu na gargajiya, zai zagaya kowa, ya tsallake shi.

Kullum saƙon Itatí gare shi ɗaya ne: "Masoyina, ka fito daga ruwa? Na ji ƙahon jirgi."

"Na fito, tsuntsuwata. Matsoraciya kawai!"

Wata safiya tana bakin gaɓa da mahaifinta, tarun Lisandro ya maƙale a tsakiyar hanyar jiragen. Gadon ubansa ne, ba shi da wani. Sai ga jirgi ya ɓullo daga kwana yana ƙaho, irin wanda ba ya tsayawa don kowa. Lisandro na ta ja.

"Yanke, yaro! Yanke!" Don Braulio ya kwarma ihu.

Jirgin ya tare musu gani. Ruwa ya janye daga gaɓa, ya dawo da igiya har gwiwarsu. Itatí ta shiga ƙwala kiran sunan Lisandro.

Da jirgin ya wuce, can ga kwalekwale yana tangaɗi, ga Lisandro da wuƙa a hannu.

Ya iso kansa a ƙasa. "Don Braulio, yanzu ko taru ba ni da shi."

Tsohon ya tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙon mate, ya miƙa masa.

"Sha, ɗana. Taru ana saƙa wani. Wanda ya iya sakinsa shi ke dawowa gida."

A ƙaramin cocin tsibiri aka ɗaura auren. Don Braulio ya sa musu albarka, ya ba ango sabon taru saƙar hannunsa, da wuƙar Fermín, ya wasa ta fes.