Wutar da Leonard Ke Kashewa da Almuru

Shekara biyu Leonard Wojtas ya yi yana fama kafin a ba shi izinin buɗe gidan cin fukafukan kaza a ƙasan gidansu, nan gabashin birnin Buffalo a Amurka. Yau a ce bututun hayaƙi ya yi gajere, gobe a ce ƙofar baya ta yi ƙunci. Mu 'yan layin har mun gaji da tambayarsa. Shi kuwa mutum ne mai zafin kai, irin wanda idan ƙusa ta ƙi shiga sai ya zagi bango.

Saura kwana tara a buɗe, ya wuni yana gwajin suya. Almuru ta yi, motar da ke kwashe tsohon mai ba ta zo ba, jira kuma ba halinsa ba ne. Ya sungumi tukunyar man da zafinta, ya sauka ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, ya tuttule ta a wata tsohuwar magudana da ke kusurwa. Matarsa Marlene ta ce zai toshe bututu. Ya ce ai bututunsa ne.

Suna cin abinci a sama sai wani abu ya daki taga. Can sai wani. Da Leonard ya leƙa da tocila, ƙasusuwan kaza ya gani zube a kan ƙanƙara, an sharce su tas, babu sawun kowa.

Haka aka dinga yi duk faɗuwar rana. Daga magudanar ake jin nishi, siriri, irin na yaron da ya gaji da kuka. Mai gyaran famfo ya zo bai ga komai ba. Fadan cocinsu ya yayyafa ruwa ya tafi. A rana ta huɗu 'yarsu Paulette, wadda ta bar aikinta a kantin magani don ta taya ubanta, ta daina cin abinci. Sai ta zauna a matakalar ɗakin ƙasa tana kallon duhu, hannunta na dama ya yi bororo kamar an watsa mata mai, alhali ko kusa da tukunya ba ta je ba. A asibiti man shafawa suka ba ta.

Abin da ya ba ni haushi, duk wannan Leonard lissafin ranar buɗewa yake yi. Ya cika firji da fukafukai, ya manna takardu cewa za a buɗe ranar wasan ƙwallo.

Marlene ce ta kai kuka wurin Nagi, mutumin ƙasar Yemen da ke da kanti a kwanar layi. Shi ya ɗauko Malam Musid daga garin Lackawanna, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe, mai karatu. Dattijon bai tambayi komai ba sai abin da aka zuba a ƙasa, da kuma lokacin da aka zuba. Da ya ji, ya daɗe yana kallon Leonard.

Malam ya zauna gaban Paulette ya fara karatu a hankali. Duhu yana shigowa. Can ta ɗago kai, muryar da ta fito kuwa ta wata tsohuwa ce.

"Shekara casa'in muna ƙarƙashin gidan nan. Mashaya sun yi ta rawa a kanmu, mun haƙura. Wannan ya ƙona mini ɗa."

Ta ce 'ya za ta ɗauka a madadin ɗa. Malam ya ce ba ta da wannan hakkin, mutumin bai sani ba, ta nemi wani abu ko ya ci gaba da karatu. Ta yi nishi mai tsawo. Sannan ta ce to, kada a sake hura wuta ƙarƙashin mai a gidan nan bayan rana ta faɗi, don lokacin 'ya'yanta ke fitowa.

"Malam, gaya mata fukafuki abincin yamma ne," in ji Leonard. "Wa ke cin barkono da man shanu da hantsi? Ƙwallo ma ƙarfe takwas ake take ta."

Wallahi sai ya shiga ciniki da aljana. Ya nemi zuwa ƙarfe tara, ta ƙi. Ya nemi ranakun wasa kaɗai, ta ƙi. Yana cikin magana wani sabon bororo ya taso a wuyan hannun Paulette.

"Lenny," in ji Marlene, "dubi hannun 'yarka."

Ya duba. Ya ce ya yarda. Paulette ta yi atishawa sau uku, ta kwanta jikin uwarta, ta ce yunwa take ji.

An buɗe, kuma fukafukan sun yi daɗi, har maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai a Disamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Ranar babban wasa ina cikin layi, layin har waje. Leonard ya zuba fukafukai cikin mai ke nan sai ya ga hasken taga ya yi ja. Ya dubi layin. Ya dubi Paulette tana miƙa wa wani ƙunshin abincinsa da hannunta mai tabo. Ya ja tsaki, ya murɗa gas ya kashe, fukafukan ko rabin soyuwa ba su yi ba.

"Ku tsallaka wancan shagon," ya ce da mu. "Nasu ba daɗi, amma a buɗe suke."