Fasfon Auta

Ana gobe za ta tashi, aka kira Sufeto zuwa sashen kwamfuta na ma'aikatar. Matashiyar injiniyar da ake kira Auta ce ta ci gurbin zuwa aiki na shekara guda a ƙasar waje, kuma fasfonta da kwamfutarta sun ɓace daga durowa.

Sufeto ya duba durowar. Ba a ɓalla ta ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai Baba," in ji Auta, tana nufin shugaban sashen. "Amma shi ya koya mini aiki. Shi ma ya sa na nemi gurbin."

Dattijon ya shigo yana girgiza kai. "Ranka ya daɗe, a tambayi abokin aikinta Dogo. Shi ya zo na biyu a neman gurbin, kuma tun lokacin ba ya ko gaishe ta."

Dogo ya rantse jiya yana gida. Maƙwabta suka ce ƙarya ne. Sufeto ya sa aka tsare shi, sai da yamma ta yi sannan ya buɗe baki.

"Neman aiki na je wani kamfani. Kunyar faɗa nake a gaban Oga."

Aka bincika, gaskiya ne. Sufeto ya ji ba daɗi, ya ɓata yini guda a kan marar laifi.

Da ya koma ma'aikatar, ya tarar da Auta ta zuba wa wani allo ido.

"Yallaɓai, kwamfutata tana haɗe da intanet ɗin ofis. Ba ta fita daga ginin nan ba."

Suka bi ɗaki-ɗaki har ofishin shugaban. Kwamfutar tana cikin kabad, ƙarƙashin sallayarsa.

"Ina fasfon?" Sufeto ya tambaya.

Dattijon ya nuna injin yayyanka takardu, sannan ya zauna.

"Duk yaron da na horar, da ya haye shi ke nan. Ko waya. Kwanan nan zan yi ritaya, wa zan bar wa wurin? Ban zaci za ta ci ba, shi ya sa na ce ta nema."

"Baba," Auta ta ce, "ai na gaya maka zan dawo."

"Duk haka suka ce, 'yata."

"Da ka roƙe ni na zauna, wallahi da na zauna."

Sufeto ya fito da ankwa, ya dubi furfurar mutumin, ya mayar da ita aljihu. Ya kama hannunsa kawai suka fita, ma'aikata na tsaye a baranda suna kallo.

Masu ba da gurbin suka ce ba za su iya jira a yi wa Auta sabon fasfo ba. Dogo kuwa tsarewar ta sa kamfanin ya fasa ɗaukarsa. Bayan mako biyu Sufeto ya biyo don a sa hannu a rahoto, ya tarar da wani baƙo a kujerar Auta.

"Ta ajiye aiki," in ji mutumin. "Ko sallama ba ta yi ba."